Amsoshin Tambayoyinku: Gargaɗin Ciwon Daji a Jikin Kaya, da Gubar da Ke Zuwa Babu Gargaɗi

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata galibinsu a kan abu ɗaya suka faɗo: sinadaran da ake cewa suna jawo ciwon daji ko su taɓa haihuwa, da matakin da hukumomi ke ɗauka a kansu. Mun taƙaita masu tsawo, mun haɗe masu kama da juna.

Tambaya: Na saro cajar waya da wayoyin wuta kwali-kwali. A jikin kowane kwali akwai alama mai kusurwa uku ruwan ɗorawa, da rubutun Turanci wai kayan na iya jawo ciwon daji da illa ga haihuwa, an kuma rubuta P65. Wani abokin ciniki ya karanta ya dawo mini da kaya. Shin guba nake sayar wa bayin Allah? (Daga wani ɗan kasuwar waya, Kano)

Amsa: Alhaji, kwantar da hankalinka. Wannan rubutu dokar jiha ɗaya ce a Amurka, wato Kalifoniya. A watan Nuwamba na 1986 mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'a kai tsaye suka amince da ita, sunanta a takardar ƙuri'a Proposition 65, shi ne P65 ɗin da ka gani. Masana'anta kwali iri ɗaya take bugawa ta aika ko'ina, shi ya sa gargaɗin da aka yi domin mai saye a can ya biyo kwantena ya sauka a shagonka.

Dokar ta wajabta wa gwamnatin jihar ta fitar da jerin sinadaran da aka san suna jawo ciwon daji, ko nakasa ga ɗan da ke ciki, ko wata illa ga haihuwar mace ko namiji, ta kuma sabunta shi aƙalla sau ɗaya a shekara. An fara fitar da jerin a 1987, yanzu sunayen sun kai wajen 900. Duk kamfanin da ke da ma'aikata 10 ko fiye, in kayansa za su haɗa mutum da ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, dole ya yi gargaɗi a fili, kuma an hana shi zubar da su inda za su gangara cikin ruwan sha. Daga ranar da sinadari ya shiga jeri, wata 12 ake ba kamfani kafin gargaɗi ya wajaba, wata 20 kafin hanin zubarwa ya hau kansa. Ka lura da kyau: dokar ba ta hana sayar da kayan ba, cewa ta yi a sanar da mai saye.

To nawa ne adadin da ke wajabta gargaɗi? Hukumar da ke riƙe da jerin, OEHHA, ta yanke wa sinadarai da dama iyaka. Ga masu jawo ciwon daji, iyakar ita ce adadin da in mutum 100,000 suka shekara 70 suna haɗuwa da shi kullum, ba zai ƙara masu ciwon da fiye da mutum ɗaya ba. Ga masu taɓa haihuwa kuwa, ana duba adadi mafi yawa da aka gwada ba a ga illa ba, a raba shi gida 1,000, a ɗauki kashi ɗaya. Na dalma ya tsaya a rabin maikurogiram a rana, wato giram ɗaya a raba shi gida miliyan biyu.

Abin da ya ba dokar haƙora shi ne hanyar kai ƙara. Tara tana iya kaiwa dala 2,500 a kowace rana kan kowane laifi, kuma ba gwamnati kaɗai ke ƙara ba. Kowane mutum ko ƙungiya na iya ba kamfani da babban lauyan jiha sanarwar kwana 60. In hukuma ba ta ɗauki maganar ba, sai ya shiga kotu da kansa, ya samu kashi 25 cikin 100 na tarar, ban da kuɗin lauyansa. Kamfanin ne kuma zai kawo hujjar cewa kayansa ba su haura iyaka ba. Gwaji akwai tsada, shari'a ta fi shi tsada, gargaɗi kuwa 'yar tawada ce. Saboda haka kamfanoni da yawa suke manna shi a kan komai, ko sun gwada ko ba su gwada ba.

A ganinmu nan ne raunin dokar. Gargaɗin da ke jikin komai, mutane daina ganinsa suke yi. A 2018 har wani alƙali ya yanke hukuncin a sa shi a kan gahawa, saboda wani sinadari da ke fitowa in an soya 'ya'yanta, sai da hukumar ta yi ƙa'ida a 2019 ta cire gahawa. Amma ba ma tare da masu cewa dokar aikin banza ce. Amfaninta mafi girma ba a jikin kwali yake ba, yana cikin kayan da aka sauya wa haɗi don gudun kunyar gargaɗi. Masu ƙera kan famfo sun rage dalmar da ke cikin tagulla. A 2012 Coca-Cola da Pepsi suka sauya yadda ake yi musu sinadarin da ke ba lemonsu launi, don kada a tilasta musu rubuta ciwon daji a jikin gwangwani.

Mu dawo kan kayanka. Robar da ke lulluɓe waya galibi PVC ce. Akan sa mata sinadarin dalma don ta jure zafi, da wani mai suna DEHP don ta yi laushi ta riƙa lanƙwasuwa, kuma dukansu suna cikin jerin. Riƙe caja a hannu ba ya shigar da wani abin kirki jikin baligi. Hanyar shigarsu baki ne: yaro mai tsirar haƙori yana tauna waya, ko mai gyara ya wuni yana feƙe wayoyi da haƙori sannan ya ci abinci bai wanke hannu ba. Mafi muni shi ne abin da 'yan jari-bola ke yi, su tara wayoyi su cinna musu wuta don su ciro jan ƙarfe. Baƙin hayaƙin nan mai yaji a ido yana ɗauke da dalma da wasu gubobi masu jawo ciwon daji, tokar kuma tana zama a ƙasa inda yara ke wasa.

Ka ci gaba da kasuwancinka. Inda za ka ɗauki gargaɗin da muhimmanci shi ne kayan da ke taɓa abinci ko bakin yaro: kwano, kofi, bulunboti, kayan wasa, tiyon ruwan sha. Kuma rashin gargaɗi ba shaidar lafiya ba ce, wataƙila kayan ba a yi su don kasuwar Kalifoniya ba ne kawai.

Tambaya: Yau a ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nama yana kawo ciwon daji, gobe a ce zaƙin lemon kwalba, jibi a ce shayi mai zafi. Me ya rage da za mu ci? (Daga wata ɗaliba, Zariya)

Amsa: Malama, waɗannan labarai daga cibiyar IARC suke fitowa, reshen Hukumar Lafiya ta Duniya da aka kafa a 1965, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa. Ba ta yin doka, hujjoji take aunawa ta kasa abubuwa rukuni-rukuni. Rukuni na 1, an tabbatar yana jawo ciwon ga ɗan'adam. Rukunin 2A, zato mai ƙarfi. Rukunin 2B, akwai alama amma hujjar ba ta yi ƙwari ba. Rukuni na 3, babu isasshen abin yanke hukunci.

Inda ake ruɗewa shi ne, rukuni ƙarfin hujja yake nunawa, ba girman haɗari ba. Kamar shaidu ne a gaban alƙali: yawansu yana tabbatar da an yi sata, amma ba ya nuna ko kaza aka sace ko sa. Taba da naman da aka adana da gishiri ko hayaƙi ko sinadari, irin na gwangwani, duk suna rukuni na 1. Amma cin giram 50 na irin wannan nama kullum yana ƙara haɗarin ciwon dajin hanji da wajen kashi 18 cikin 100 ne, ita kuwa taba tana ninka haɗarin na huhu sau 15 zuwa 30. Zaƙin aspatem, wanda ake sa wa wasu lemukan kwalba a madadin sukari, ya shiga 2B a watan Yuli na 2023, kuma a lokaci guda kwamitin da ke yanke iyakar sinadaran abinci ya bar iyakarsa yadda take, miligiram 40 kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya haura. Maganar shayi kuwa ta zafi ce, ba ta ganye ba: abin sha da ya haura digiri 65, wanda aka sa a rukunin 2A, yana ƙona maƙoshi, yawan ƙunar ne ke jawo matsala. Ki bar shi ya ɗan huce. Wanda ya fi cancantar damuwarki a 2A shi ne hayaƙin itacen girki a rufaffen ɗaki, wanda iyayenmu mata ke shaƙa safe da yamma.

Tambaya: Mu a Najeriya wa ke da alhakin wannan aiki? Ko ba mu da doka ne? (Daga wani malamin makaranta, Kaduna)

Amsa: Malam, doka kam akwai, har da mai tsanani. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta. A shekarar gwamnatin soja ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wadda NESREA ta gaji aikinta na tilasta bin doka a 2007. NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke yi wa abinci, magani, kayan shafe-shafe, ruwan leda da magungunan feshi rajista. SON ke yanke ma'aunin inganci, misali iyakar dalma a fenti, kashi 90 cikin miliyan. FCCPC ke karɓar koken masu saye. Najeriya ta kuma shiga yarjejeniyoyin duniya, kamar ta Istokholm ta 2001 da ta hana magunguna masu daɗewa a ƙasa da jiki, irin Gamalin da ake zuba wa kogi a kashe kifi, da ta Minamata ta 2013 kan zaiba, wadda ake samu a wasu mayukan bilicin.

Tsarin kowa daban. Kalifoniya gargaɗi take sa a yi. Tarayyar Turai, da dokarta ta REACH da ta fara aiki a 2007, cewa ta yi kamfani ya kawo bayanan gwaji kafin ya shiga kasuwa. Namu rajista ne: a gwada samfuri, a ba da lamba. Gibin a fili yake. Samfurin da aka kai ofis aka gwada, ba kwalbar da ke kan tebur a kasuwa ba, kuma lambar kanta ana buga ta jabu. Sannan abin da talaka ya fi ci, wake a mudu, gyaɗa a tiya, man shafawar da aka haɗa a bayan shago aka ɗura a roba, ba ya bi ta rajista sam. Abin da muke ganin ya fi gaggawa ba sabuwar doka ba ce, a riƙa ɗibar kaya daga kasuwa ana gwadawa a kai a kai, a kuma buga sakamakon kowa ya gani.

Tambaya: Ina ajiye wake buhu ɗari ko fiye daga kaka zuwa bazara. Fiya-fiya muke yayyafawa tun muna yara, ba mu ga wanda ya mutu ba. Me ya sa ake ta surutu? (Daga wani ɗan kasuwar hatsi, Dawanau)

Amsa: Alhaji, sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper shi ne wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba. Jijiyoyi yake kamawa, na ƙwaro da na mutum duk ɗaya. In ya yi yawa, nan take ake ganin dalalar miyau, gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. In kaɗan-kaɗan ne ake ci shekara da shekaru, babu alamar da za ka gani a kasuwa, domin wanda ya ci wakenka yana Legas ko Fatakwal. IARC ta sa shi a 2B, yana kuma cikin jerin Kalifoniya. Ba a yi shi don a zuba a kan abin da za a ci ba.

Ta fuskar ciniki ma asara ce. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya, saboda iyakarta miligiram 0.01 a kilo, ta kuma samu daga 0.03 har zuwa 4.6. An yi ta tsawaita hanin. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben, masu mililita 100 zuwa ƙasa, a kasuwanni da kantuna.

Mafita ita ce buhun PICS mai hawa uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ka shanya wake ya bushe ƙayau, ka sheƙe, ka tsince kara da tsakuwa don su ne ke huda leda. Kafin ka zuba, ka cika kowace leda da iska ka matse bakinta, in ta sace to akwai huji, kada ka yi amfani da ita. Ka sa leda cikin leda cikin buhu, ka zuba wake ka bar wajen ɗauri. Ka matse iska ta fita, ka murɗe bakin ledar ciki, ka lanƙwasa, ka ɗaure. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje shi kaɗai. Ƙwarin da ke ciki su ke shanye iskar da ta rage, daga kashi 21 cikin 100 ta faɗi ƙasa ƙwarai, su daina ci, su daina haihuwa, su bushe. Kada a buɗe kafin wata biyu.

Inda ake samun matsala sananne ne: a ɗaure ukun da igiya ɗaya, ko a cika buhu har wuya, ko a zuba wake da sauran danshi, ko a jingina da bango ɓera ya huda. Ka ɗora a kan katako, ka bar rata da bango. Ganga ko jarka mai murfi mai kyau ita ma tana yi, in an cika ta maƙil. Ƙwayar fostoksin kuwa aikin wanda aka horar ne, iskar da take fitarwa tana kashe mutum, kada a taɓa sa ta a ɗakin da ake kwana ko wanda ke manne da shi.

Tambaya: Na haihu wata uku. Kakar yaron kullum sai ta sa masa kwalli, ta ce yana gyara ido kuma sunna ne. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce in hana. Ya zan yi? (Daga wata uwa, Maraɗi)

Amsa: Allah ya raya, 'yar'uwa. Ma'aikaciyar ta faɗa miki gaskiya. Dutsen da hadisi ya ambata ismid ne. Mafi yawan kwallin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa a kasuwanninmu kuwa dutsen dalma ne, kuma ido ba ya bambance su, sai ɗakin gwaji. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka samu dalma ta hau a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan 'yan Najeriya. Da aka bi sawu, sai aka tarar kwallin da aka kai masa daga gida ne, kuma kashi 82.6 cikin 100 na garin dalma ce zalla. Amurka ba ta yarda a shigar da irin wannan kwalli ƙasarta ba.

Ba ta ido kaɗai take shiga ba. Yaro ya murza ido, ya kai yatsa baki, shi ke nan ya haɗiya. Hanjin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na baligi, ya fi haka in yana da ƙarancin jini ko yunwa. Ƙwaƙwalwar da ke girma take taɓawa, ta rage fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Babu adadin da aka sani marar illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikurogiram 5 a desilitar jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, a nemo inda take fitowa a toshe. Daga 45 ake maganar maganin da ke janyo ta daga jiki, kuma wannan aikin likita ne.

Ke ma ya shafe ki. Jikin baligi yana ajiye fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmarsa a ƙashi, ta shekara aru-aru a can. Lokacin ciki da shayarwa, in jiki ya ɗebo sinadarin ƙashi don ya gina na jariri, sai ta biyo, ta ratsa mabiyiya. Tana jawo ɓari, haihuwar bakwaini, da hawan jini ga mai ciki. Kwallin da yarinya ta sha tana ƙarama yana iya isa ga ɗanta bayan shekara 20.

Mun ga iyakar abin da dalma ke yi a Zamfara a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, wani lokaci da turmi da injin da ake niƙa hatsi. Yara aƙalla 400 suka rasu. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin maganin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke bayarwa ya yi amfani, domin in yaro ya koma cikin ƙurar, jininsa sake hawa yake yi. Kwalli bai kai wannan ba, a hankali yake ɓarna, shi ya sa ba a zarginsa.

Game da Inna, ba da gardama za ki ɓullo mata ba, don ƙauna ce ta sa take yi. Ki sa mahaifin yaron ya yi mata bayani, ko ku je awo tare ta ji daga bakin ma'aikaciya. Idon jariri ba ya buƙatar komai. Kada kuma a sa kwalli a cibiya. Ki nemi a auna jininsa in akwai asibitin da ke yi kusa da ku.

Tambaya: Feshi ne sana'ata, ana biya na ina yi wa mutane gonaki. Na ji an ce maganin feshi yana kashe haihuwar namiji. Gaskiya ne? (Daga wani matashi, Funtuwa)

Amsa: Ɗan'uwa, an taɓa ganin haka ƙuru-ƙuru. A 1977, a wata masana'anta a garin Latrop na Kalifoniya, ma'aikatan da ke haɗa wani maganin tsutsar saiwa mai suna DBCP suka lura a tsakaninsu cewa an daɗe babu wanda aka yi wa haihuwa. Da aka gwada su, wasu babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsu, wasu ta ragu ƙwarai. Abin takaicin shi ne, gwajin dabbobi ya nuna wannan illa kusan shekara 20 kafin nan. Amurka ta hana shi a 1979, ban da gonakin abarba na Hawai da suka kai 1985, amma an ci gaba da amfani da shi a gonakin ayaba na ƙasashe irin su Kosta Rika da Nikaragwa, inda dubban leburori suka yi ƙara daga baya. Hani a ƙasar da ake yin magani ba ya hana a tura shi wata ƙasa.

Ba kowane magani ne DBCP ba, amma ka san abin da ke hannunka. Ka duba sunan sinadari a jikin kwalba, ba sunan talla ba. Atrazine, wanda masu masara suka saba da shi, Turai ta janye shi tun 2004, Kalifoniya ta sa shi a jerin masu taɓa haihuwa a 2016. NAFDAC ta sanar da jadawalin dakatar da paraquat daga farkon 2024, chlorpyrifos daga Nuwamba na 2024, atrazine daga farkon 2025. Zanen launi da ke gindin kwalba, ja, rawaya, shuɗi ko kore, ƙarfin gubar nan take yake nunawa, ba ya cewa komai kan ciwon daji ko haihuwa. Don wannan ka nemi hoton ƙirjin mutum mai kamar tauraro a tsakiya, da lambobi: H350 da H351 na ciwon daji ne, H360 da H361 na haihuwa da ɗan ciki.

Ta fata maganin ya fi shiga, kuma fata ba ɗaya ba ce. A wani tsohon gwaji da aka yi da maganin ƙwari, fatar damtse ta tsotsi ƙasa da kashi 10 cikin 100, goshi ya haura 30, fatar maraina kuwa kusan duka. Yanzu ka tuna injin goyo mai lita 16 da murfinsa ke yoyo: ruwan ya bi gadon baya, ya jiƙa wando, mutum ya wuni a haka cikin rana. Ka canja robar murfi da ta bakin tiyo da zarar sun fara ɗiga. Lokacin haɗi ya fi lokacin feshi haɗari, don maganin bai sha ruwa ba tukuna, saboda haka ka sa safar hannu ta roba mai kauri, ba ta yadi ko fata ba, waɗannan jiƙewa suke yi su riƙe gubar. Kada ka busa bakin feshi da baki in ya toshe. Ka yi feshi da sassafe ko yamma, iska na bayanka. In ka gama ka yi wanka da sabulu, ka wanke kayan aikinka da kanka, daban, kada mai ciki ta taɓa su. Kwalbar da ta ƙare ka zuba mata ruwa kwata, ka girgiza daƙiƙa 30, ka juye cikin injin, sau uku, sannan ka huda ta don kada wani ya ɗura mai ko ruwa.

In kana neman haihuwa ba a samu ba, a gwada maniyyi a asibiti. Ƙwayar tana ɗaukar wajen kwana 74 kafin ta nuna, saboda haka in ka huta da feshi, sai bayan wata uku za a sake gwaji a ga ko an samu canji.

Tambaya: Burodi mai kumburi sosai marar nauyi, shi ne mai buromet? (Daga wata mai shago, Bauchi)

Amsa: Hajiya, ido da hannu ba sa ganewa, sai gwaji. Buromet sinadari ne da ke ƙarfafa kwaɓi ya tashi, amma ya jawo ciwon dajin ƙoda ga ɓeraye a gwaji, IARC ta sa shi a 2B. Ingila ta hana shi a 1990, NAFDAC ta hana tun zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili, Kalifoniya kuma ta yi dokar hana shi daga 2027. Sinadarin bitamin C yana yin aikin, masu gidan burodi na kirki shi suke sawa. Ki sari na gidan da ke da suna da adireshi da lambar rajista a jikin leda.

Tambaya: Gyaɗar da muka tsince mai baƙi-baƙi da ɗaci, in aka yi ƙuli-ƙuli da ita ai wuta ta kashe komai ko? (Daga wata mai sana'ar man gyaɗa, Gusau)

Amsa: A'a, Hajiya, kuma wannan tambaya ta fi ta cajar waya nauyi nesa ba kusa ba. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara tana fitar da guba mai suna afulatoksin. Tana rukuni na 1, ciwon dajin hanta take jawowa, kuma in ta haɗu da mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu, haɗarin ninkuwa yake yi sosai. Wuta tana kashe fumfunar, gubar kuwa sai zafi ya haura digiri 230 take fara rushewa, suya da dahuwa ba sa gamawa da ita. In an matse mai, yawancinta a tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙulin da yara ke saya a ƙofar makaranta. In an ba saniya, tana fitowa a nono. A Kenya a 2004 masara mai ita ta kashe mutum 125.

Amurka ta yanke iyaka a maikurogiram 20 a kilo, Turai 4 ga gyaɗar da za a ci kai tsaye. Ƙwaya kaɗan masu ɓaci sun isa su haurar da buhu guda, shi ya sa tsincewa ke rage gubar ƙwarai, amma sai in an binne abin da aka tsince ko an ƙone shi, ba a sake mayar da shi cikin abinci ta wata hanya ba.

A wajen saye ki guji wadda ta motse, ko ta fashe, ko ƙwaro ya huda, ko mai warin gumi. Masu noma su cire gyaɗa da zarar ta nuna, su shanya a kan tamfol ko daɓe ba a ƙasa ba, kada su yayyafa mata ruwa don ɓanɓara ta yi sauƙi. Ɓararriyar gyaɗa ana so danshinta ya sauka zuwa kashi 7 ko 8 cikin 100, masara 13. Ga gwajin gida na masara: a zuba busasshen gishiri da hatsin a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta ta ɗan zauna. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar shanya. Akwai kuma Aflasafe na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin fure, sai fumfuna marar guba ta riga mai gubar kama gona. Ke da masu aikinki kuma ku je a gwada ku ciwon hanta nau'in B, wanda ba shi da shi ya karɓi allurar rigakafi, sau uku ake yin ta cikin wata shida.